Tambayoyi da Amsoshi: Yadda Ake Tsayar da Manhajar da Za Ta Riƙa Buɗe Kowane Irin Fayil a Kwamfuta

Sunayen maɓallai da na shafukan saiti an bar su yadda suke fitowa a allon kwamfuta, domin da su ne za ka neme su. Yawancin amsoshin a kan Windows suke, tun da ita ce ta fi yawa a ofisoshi da makarantu da shagunan buga takardu, amma akwai na Mac da Linux a ƙasa.

Me ya sa in na danna fayil sau biyu sai wata manhaja ta taso, ba wadda nake so ba?

Saboda Windows ba ta leƙa cikin fayil ɗin kafin ta yanke hukunci. Haruffan da ke bayan ɗigo a ƙarshen sunansa take dubawa, wato wutsiyar suna, irin su .pdf da .jpg da .mp4 da .docx. Tana da rajista da aka rubuta kowace wutsiya da manhajar da ke gabanta. Ka danna fayil, ta karanta wutsiyar, ta duba rajistar, ta miƙa shi ga manhajar da ta tarar a rubuce. Kamar kayan aike ne a tasha: ɗan kamasho ba ya kwance buhu ya ga ko gero ne ko dawa, rubutun da ke jikin buhun yake karantawa ya ce a kai motar Gusau.

Wannan rajistar ba kai ka fara cika ta ba. Microsoft ce ta cika ta da nata manhajojin tun daga kamfani, sannan duk manhajar da aka ɗora daga baya tana ƙoƙarin rubuta sunanta a ciki. Shi ya sa za ka ga wani ya kai kwamfutarsa wurin mai gyara an ɗora masa WPS Office, ya dawo gida duk takardunsa na Word sun canza tambari. Takardun suna nan yadda suke. Sunan da ke cikin rajistar ne aka sauya, kuma kana da ikon mayar da shi.

Ni ban ga wata wutsiya a sunayen fayilolina ba. Ina take?

A ɓoye take, haka Windows ke zuwa. Buɗe kowace folda. A Windows 11 ka danna "View", sai "Show", sai ka sa alama a "File name extensions". A Windows 10 ka hau "View" a saman tagar, akwatin yana nan ta hannun dama.

Wannan shi ne abu na farko da ya kamata a yi wa kowace kwamfuta, musamman wadda ake soka mata filash ɗin jama'a. Masu yaɗa bairos sun daɗe suna cin gajiyar ɓoyewar. Sai a sa wa fayil suna "Sakamakon jarrabawa.pdf.exe" a manna masa tambarin PDF. Da wutsiya a ɓoye, abin da za ka gani shi ne "Sakamakon jarrabawa.pdf", ka danna da zuciya ɗaya, alhali manhaja ce ka kunna da hannunka.

Wace hanya ce mafi sauri ta sauya manhajar a Windows?

Ta kan fayil ɗin kansa. Ɗora linzami a kansa, danna maɓallin dama, zaɓi "Open with", sannan "Choose another app". Kada ka tsaya a gajeren jerin da ke fitowa nan take, domin duk wadda ka zaɓa a can sau ɗaya kawai za ta buɗe maka, gobe a koma gidan jiya. A nan mutane da yawa ke tuntuɓe, su ce sun canza amma ya ƙi zama.

Bayan "Choose another app" ne ake ɗaure magana. A Windows 11 za ka zaɓi manhajar sai ka ga maɓallai biyu a ƙasa, "Always" da "Just once". Na farkon za ka danna. A Windows 10 ɗan akwati ne mai cewa "Always use this app to open .pdf files", ka sa masa alama kafin ka danna "OK".

Akwai wata hanyar da ta yi daidai da wannan a sauri, kuma tana aiki tun daga tsofaffin Windows har zuwa na yau: maɓallin dama, "Properties", sai ka ga layin "Opens with" da maɓallin "Change" a gefensa.

Ko ta wace hanya ka bi, sauyin ya shafi duk fayilolin da ke da wannan wutsiyar, ba wanda ka danna kaɗai ba.

Ta cikin saiti fa?

Danna maɓallin Windows da harafin I tare, ka shiga "Apps", sannan "Default apps". Daga nan Windows biyun suka raba hanya.

Windows 10, wadda ta fito a 2015, ta jera manyan rukunai shida a gaba: imel, taswira, kiɗa, hotuna, bidiyo da burauza. Ka danna na bidiyo ka zaɓi VLC, shi ke nan ta ɗauke yawancin nau'ukan bidiyo gaba ɗaya. In wutsiya guda kake nema, a ƙasan shafin akwai "Choose default apps by file type", jeri ne mai tsawon gaske, kuma a kan tsohuwar kwamfuta yakan ɗan jima kafin ya bayyana. A yi haƙuri da shi.

Windows 11, ta 2021, ta zubar da waɗancan rukunan. A saman shafin akwai akwatin bincike, ka rubuta wutsiyar da ɗigonta, misali .mp4, ta nuna maka mai buɗe ta a yanzu, ka danna ka sauya. Ko kuma ka nemi manhajar a jerin da ke ƙasa, ka shiga, ka ga duk wutsiyoyin da take iya buɗewa, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ga mai son VLC ta karɓi komai wannan aiki ne mai gundura: .mp4 daban, .mkv daban, .avi daban, .3gp daban. Shawarata, kada ka ɓata lokaci kana bin dogon jerin nan. Gyara uku ko huɗu da kake amfani da su, sauran duk ranar da ɗaya ya faɗo hannunka ka gyara shi ta "Open with".

Manhajar da nake so ba ta cikin jerin. Yaya zan yi?

Gangara ƙasan jerin. A Windows 11 akwai "Choose an app on your PC". A Windows 10 sai ka danna "More apps" tukuna, sannan "Look for another app on this PC". Za a buɗe maka foldar "Program Files", ka nemi fayil ɗin manhajar mai ƙarewa da .exe. Na VLC, alal misali, yana cikin foldar VideoLAN, sannan VLC, sunansa vlc.exe. In ba ka gan ta a nan ba, duba ɗaya foldar mai irin wannan suna da x86 a ƙarshe.

Wannan ya fi faruwa da manhajojin da aka kwafo foldarsu daga wata kwamfuta ba tare da an ɗora su yadda ya kamata ba. Irin waɗannan ba su sanar da Windows zuwansu ba. In ka tsayar da irinsu sannan ka matsar da foldar, ko tana kan filash ka zare shi, haɗin ya tsinke.

Na mayar da PDF kan Adobe, bayan kwana biyu ya koma buɗewa da Edge. Me ke faruwa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace yawa, kuma dalilinta yana da tarihi. A da, kowace manhaja tana iya shiga rajistar Windows ta rubuta sunanta ba tare da ta tambayi kowa ba, har manhajoji biyu su riƙa ƙwacen fayil ɗaya a tsakaninsu. Daga Windows 8, ta 2012, Microsoft ta sa wa zaɓin mai kwamfuta wani hatimi na lissafi. Idan kai ka zaɓa ta tagogin Windows, za a rubuta zaɓin tare da hatiminsa. Idan wata manhaja ce ta kutsa ta sauya shi a bayan idonka, hatimin ba zai dace ba, Windows ta soke zaɓin ta mayar da fayil ɗin ga manhajarta ta gida, wadda a PDF ita ce Edge, burauzar Microsoft. Wani lokaci har za ka ga ɗan saƙo a kusurwar allo yana cewa "An app default was reset".

Wato sau da yawa mai laifin tsohuwar manhaja ce da ke bin tsohuwar hanya, ko kuma irin manhajojin nan masu da'awar share kwamfuta da ƙara mata gudu, waɗanda ke taɓa rajista. Abin yi: sabunta manhajar PDF ɗin zuwa ta yanzu, cire masu sharar nan, sannan ka tsayar da zaɓin da kanka ta "Default apps". In kana da manhajojin PDF biyu ko uku, rage su, domin kowace tana roƙon a ba ta duk sanda aka buɗe ta, kuma danna "Yes" cikin gaggawa ba wuya.

Ba a wanke Microsoft tas ba dai. Manyan sabuntawar Windows sun sha mayar wa mutane zaɓinsu baya, kuma a Windows 10 in za ka bar Edge sai ta tare ka da tallar kanta, a ajiye maka "Switch anyway" da ƙananan haruffa a ƙasa. Shi za ka danna.

Ga wanda karatu kawai yake yi da bugawa, Edge ɗin ta wadatar, tana ma da sauƙin nauyi a kan kwamfuta mai ƙaramin ƙarfi. Mai cike fom masu sarƙaƙiya ko mai duba sa hannun lantarki shi ne ke da buƙatar Adobe ta haƙiƙa.

Idan na sauya manhajar, fayil ɗin zai canza ko ya lalace?

A'a. Ko harafi ɗaya ba ya motsawa a cikinsa. Tambarinsa ne zai canza kama, shi ma don Windows tana aro tambarin daga manhajar da aka tsayar.

Inda ake samun ɓarna shi ne wurin ajiyewa. Ka buɗe takardar Word da wata manhaja, ka gyara, ka ajiye, tana iya motsa tebura ko ta sauya salon haruffa. Ɗalibin da ya tsara kundinsa a Word ya kai shagon da ke buɗewa da wata manhajar daban yakan ga shafuka sun zame, babi ya fara a tsakiyar shafi. Maganin wannan shi ne a mayar da kundin PDF kafin a fita da shi daga gida.

To in na goge wutsiyar na rubuta wata, fayil ɗin ya koma wancan nau'in?

Bai koma ba. Hoton .jpg da aka sauya wa suna zuwa .pdf yana nan hoto, sai dai yanzu an tura shi wurin manhajar da ba ta san shi ba, ta ce maka ya lalace. Masu ɗora takardu a shafukan neman aiki ko na makaranta suna yawan faɗawa wannan, shafin ya ƙi karɓa su rasa dalili. Juya fayil na gaskiya ana yin sa ne daga cikin manhaja, ta "Save as" ko "Export", ko ka zaɓi "Microsoft Print to PDF" a matsayin firinta.

Akwai wuri guda da sauya wutsiya ke da amfani. Fayil ɗin .docx, wanda ya zo da Office 2007, a haƙiƙa ƙunshi ne irin na zip. Kwafi takardar, ka mayar da wutsiyar kwafin .zip, ka buɗe, ka shiga foldar "word" sannan "media": duk hotunan da ke cikin takardar suna nan a jere, sai kwasa.

Jerin lambobin waya da aka turo mini a .csv ya buɗe a Excel, sifilin farko duk ya ɓace. Laifin wa?

Laifin danna shi sau biyu ne. Fayil ɗin .csv rubutu ne zalla da waƙafi a tsakani, amma da zarar an ɗora Office, Excel ke karɓe shi, ita kuma tana ɗaukar duk abin da ya yi kama da lamba a matsayin lambar lissafi. Lambar waya mai farawa da 080 sai ta koma 80. Lambar asusun banki mai farawa da sifili ta rage tsawo. In an rubuta lambar da 234 a gaba, tsawonta ya sa Excel ta nuna ta kamar 2.34803E+12. Lambar da ta wuce alƙaluma 15 kuwa, Excel na mayar da na ƙarshen sifili, kuma in ka ajiye a haka sun tafi ke nan.

Mu masu rubutun Hausa muna da ƙarin ciwon kai. In sunayen da ke jerin suna da haruffa masu ƙugiya, Excel takan karanta su da tsarin da bai dace ba, sai ƙ ta koma Æ™, ɗ ta koma É—, sunan mutum ya zama tarkace.

Mafita ita ce ka buɗe Excel tukuna, ka je "Data", ka zaɓi "From Text/CSV", ka tabbatar tsarin haruffan UTF-8 ne, sannan ka mayar da ginshiƙin lambobin "Text" kafin ka shigo da su. Wanda ke aiki da irin waɗannan fayiloli kullum, kamar mai haɗa jerin albashi ko na ɗalibai, gara ya tsayar da Notepad a kan .csv. Ko da ya danna bisa kuskure, ba abin da zai taɓu.

Burauza ma haka ake sauya ta?

Kusan haka, sai dai ita ban da wutsiyoyi irin .htm da .html tana riƙe da nau'ukan mahaɗi, HTTP da HTTPS. Farkon fitowar Windows 11 sai da mutum ya bi su ɗaya-ɗaya, aka yi ta ƙorafi, har a 2022 aka ƙara maɓallin "Set default" a saman shafin kowace burauza. Shiga "Default apps", nemi Chrome ko Firefox, danna shi.

Duk da haka za ka ga wasu mahaɗan, kamar na binciken da ke maɓallin farawa da na allon labarai, suna buɗewa da Edge. Ba kai ka yi kuskure ba, haka aka ɗaure su. Outlook ma tana da nata zaɓin a cikin saitinta. Adireshin imel da ake dannawa a shafin intanet kuwa, sunan nau'insa MAILTO, a akwatin binciken nan za ka rubuta shi.

Wani abu kuma: in ka danna PDF a intanet ya buɗe a cikin Chrome duk da ka tsayar da Adobe, wannan saitin Chrome ne. Nemi "PDF documents" a cikin "Site settings" ka zaɓi a riƙa saukewa.

Na yi kuskure na tsayar da manhajar da ba ta dace ba, yanzu duk tambarin allona sun koma iri ɗaya.

In wutsiya ce ta yau da kullum, maimaita matakan ka zaɓi ta daidai. In abubuwa da yawa ne suka rikice, a shafin "Default apps" akwai maɓallin "Reset" mai mayar da komai yadda Microsoft ta tsara, amma zai share har zaɓin da ka yi da gangan.

In kuwa duk gajerun hanyoyin da ke kan allo ne suka koma tambarin Word ko na wata manhaja guda, kuma kowace ka danna ita ke tasowa, to wutsiyar .lnk ce aka ɗaura wa manhaja. An fi ganin wannan a Windows 7. Fara da "System Restore", ka koma ranar da komai ke lafiya. In babu, gyaran yana cikin rajista, inda ake goge reshen UserChoice da ke ƙarƙashin .lnk a sashen FileExts na mai amfani. Wanda bai saba da regedit ba, wato manhajar gyaran rajista, ya kai wa wanda ya saba. Matsalar tana cikin asusun mai amfani ɗaya ne, don haka buɗe sabon asusu a kwashe fayiloli can ma yana fisshe ka. Ba ta kai a goge kwamfuta a sake ɗora Windows ba, ko da an ce maka sai an yi hakan.

An turo mini fayil, babu manhajar da ke buɗe shi ko ɗaya.

Nan ba a rajista gizo ke saƙa ba, manhajar ce babu. Hotunan iPhone masu .heic, waɗanda Apple ta fara a 2017, suna buƙatar "HEIF Image Extensions" daga Microsoft Store, wani lokaci har da na HEVC wanda ake saya. Ya fi sauƙi mai wayar ya shiga saitin kamara, "Formats", ya zaɓi "Most Compatible". Fayil ɗin .cdr na CorelDRAW ne, abin aikin masu zanen katin biki da fosta. Tsohon Corel ba ya buɗe aikin sabo, sai dai mai zanen ya ajiye maka a tsohon tsari, ko ya fitar maka da PDF. Inkscape, wadda kyauta ce, tana buɗe da yawa daga cikinsu don a gani.

In takardun .rtf ko .docx ne suka daina buɗewa bayan sabuntawa a kwamfutar da babu Office, WordPad ce aka cire daga Windows 11 a fitowar 24H2 ta 2024. LibreOffice za ta maye gurbin.

A Mac fa?

Zaɓi fayil ɗin a Finder, wato tagar foldoji ta Mac, danna Command da I tare. A tagar da ta fito nemi "Open with", zaɓi manhajar, sannan ka danna "Change All" ka amince. In ka tsallake "Change All", wannan fayil ɗin kaɗai ka sauya wa, abin da Windows ba ta iya yi, kuma yana da amfani in takarda guda ce ke son kulawa ta daban. Burauza ana zaɓenta a "System Settings", ƙarƙashin "Desktop & Dock", tun daga macOS Ventura ta 2022. Manhajar imel kuma a cikin saitin Mail kanta.

Linux fa?

Ita ba ta dogara da wutsiya kaɗai ba, takan leƙa farkon fayil ɗin, inda PDF ke farawa da %PDF, ta ba shi nau'i kamar application/pdf. A Ubuntu danna maɓallin dama, "Open With", zaɓi manhajar, ka kunna "Always use for this file type". Mai son rubuta umarni: xdg-mime query filetype da sunan fayil zai faɗa maka nau'insa, sannan xdg-mime default vlc.desktop video/mp4 ya tsayar da VLC. Zaɓin yana zaune a fayil ɗin mimeapps.list cikin foldar .config, rubutu ne da za ka iya buɗewa ka gyara da hannu.

Kwamfutata da Faransanci take, ko kuma Windows 7 ce.

Masu karatu daga Maradi da Damagaram da Yamai: "Ouvrir avec", sai "Choisir une autre application", sai "Toujours". A saiti kuma "Paramètres", "Applications", "Applications par défaut". Wuraren maɓallan ba su canza ba.

A Windows 7 ana bi ta "Control Panel" zuwa "Default Programs". Sai dai Microsoft ta daina sabunta ta tun Janairun 2020, Windows 10 ma tallafinta na kowa da kowa ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025.

Muna da kwamfutoci da yawa a ɗakin karatu. Dole sai an bi kowace?

Zaɓin na kowane asusu ne daban, abin da ka saita a naka bai shafi na abokin aikinka a kan kwamfuta ɗaya ba. Ga mai kula da ɗaki guda, a gyara kwamfuta ɗaya tsaf, a buɗe tagar umarni da ikon mai gudanarwa, a rubuta Dism /Online /Export-DefaultAppAssociations:C:\tsari.xml. A kai fayil ɗin sauran kwamfutocin a shigar da shi da Import a madadin Export. Sababbin asusun da za a buɗe bayan nan ne kawai za su ɗauki tsarin, tsofaffin suna nan yadda suke. Inda kwamfutocin ke ƙarƙashin sabar ofis, ana iya tilasta wannan fayil ɗin ta Group Policy, wato tsarin kafa wa kwamfutocin doka daga sabar, kuma shi ya sa a wasu ma'aikatu duk abin da ka sauya yake komawa in ka sake shiga da safe. In haka ne, mai kula da kwamfutocin ofishin za ka gani, domin daga kujerarka ba ya gyaruwa.